Darasi Cikin Katin Waya: Abin Da Na Gani A Ajina A Kolokonde

Daga wani malamin firamare, Kolokonde

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a ajin farko na firamare, wato ajin da muke kira CI, ya san irin shirun da ke sauka a ranar da aka buɗe makaranta. Yara sun cika benci, wasu a ƙasa, kowa ya rungume ɗan allonsa, malam ya buɗe baki da Faransanci, sai ka ga idanu sun yi zuru-zuru. Wannan ɗan Bahaushe ne daga zango, wancan ɗan Dendi, ga ɗan Yom, ga ɗan Lokpa, ga kuma ɗan Fulani da ya taso daga ruga tun da sassafe. Kowannensu yana da baki, a waje ma sai ka toshe kunne saboda surutunsu, amma da sun shigo aji sai su zama kurame, domin harshen da ake magana da shi a nan ba wanda ya taɓa jin sa a ɗakin uwarsa.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina fama da wannan shiru, tun daga ranar da na fito daga makarantar horon malamai. Abin da zan ba ku labari a wannan wata wata 'yar dabara ce da na jarraba, wadda masu ilimin zamani ke kira fodkas. Ban ce ita ce maganin duk ciwon makarantunmu ba, amma na ga amfaninta da idona, na kuma ga inda take da rauni, ina ganin ya kamata iyaye da 'yan'uwana malamai na Jugu da Faraku da sauran zanguna su ji duka biyun.

Mene ne fodkas?

A taƙaice, fodkas shiri ne na murya, kamar shirin rediyo, wanda ake ɗauka a ajiye kashi-kashi, mai saurare ya sauke shi cikin wayarsa ya ji lokacin da ya ga dama, ya kuma maimaita iya son ransa. Rediyo idan ya wuce ka ya wuce ka ke nan. Shi wannan yana nan yana jiranka. Sunan ya fara bayyana a 2004 a jaridar Guardian ta Ingila, inda wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ya haɗa sunan wata na'urar jin kiɗa ta kamfanin Apple, wato iPod, da kalmar Ingilishi ta watsa shiri. A 2005 kamfanin ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye gurbi a manhajarsa, daga nan abin ya bazu a duniya. Yau manyan gidajen rediyon da muka tashi da su, irin su BBC da ta fara Hausa a 1957 da RFI da ta fara a 2007, duk suna ajiye shirye-shiryensu a intanet ta wannan hanya.

To amma mu Hausawa abin ba baƙo ba ne a gare mu in ban da sunan. Wane gida ne a zango ba a taɓa jin kaset ɗin tafsiri ko na wa'azi ba? Wane direba ne tsakanin Faraku da Malanbil bai da katin memori cike da karatu da waƙoƙi? Tsofaffinmu da ba su iya rubutu ba suna aika saƙon murya ta WhatsApp zuwa Kano da Gaya da Kumasi, a ba su amsa kafin shayi ya huce. Almajiri a makarantar allo da kunne yake fara ɗaukar karatu kafin ya gane baƙi. Ashe kunnenmu ya riga ya horu. Tambayar da na yi wa kaina ita ce: don me wannan hanya za ta ɗauki wa'azi da waƙa da cinikin shanu, amma ta kasa ɗaukar darasin ɗan CI?

Ba yau aka fara ba

Kada mai karatu ya ɗauka wani malamin ƙauye ne ya ƙago koyarwa da murya. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a can, inda jama'a ke taruwa su ji shiri, su tattauna a kansa, a ɗauki ra'ayinsu a na'ura a mayar Yamai a watsa. Kuma da yawa daga cikin masu jagorantar waɗannan taruka malaman makaranta ne irina. A 1964 kuma Nijar ɗin ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, aikin da ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970.

A 1974, a ƙasar Nikaraguwa ta yankin Amurka ta Tsakiya, masana daga jami'ar Stanford suka fito da wata hanya ta koyar da lissafi ta rediyo wadda ta bambanta da na baya. Maimakon mai magana ya yi ta zuba kamar mai huɗuba, sai ya yi tambaya ya yi shiru, yara a aji su amsa da babbar murya, ko su rubuta, ko su ƙirga tsakuwa, sannan ya faɗi amsa ya ci gaba. Malamin aji yana tsaye yana nuna wanda zai amsa. Da aka gwada, yaran da suka bi wannan tsari sun fi takwarorinsu cin jarrabawar lissafi. Daga nan aka kai hanyar Kenya a shekarun 1980 don koyar da Ingilishi, aka kai ta Gini a ƙarshen shekarun 1990 cikin wani shiri mai suna Sous le Fromager, wato ƙarƙashin rimi. A Najeriya, hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi amfani da Rediyon Kaduna wajen isa ga Fulani da shirinta Don Makiyaya a Ruga. Sannan a 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, ƙasashe da yawa na Afirka rediyo suka koma wa.

Abin da ya canja yau shi ne ba sai kana da gidan rediyo ba. Wayar da ke aljihun malam ta isa.

Yadda na fara, da yadda na yi tuntuɓe

A hutun dole na 2020 ne abin ya fara zo mini. Ina zaune a gida, yarana na aji suna yawo a kasuwar shanu, na san duk ɗan abin da muka tara tun farkon shekara yana zubewa kamar ruwa a kwando. Sai na ɗauki waya na karanta darasi, na tura wa iyaye uku-huɗu da nake da lambarsu. Ban ga wani sakamako ba, amma tunanin bai bar ni ba, da aka koma makaranta sai na nemi izinin shugabanmu na ci gaba.

Gaskiya ɗaya ce, na farkon da na kai aji abin dariya ne. Minti ashirin da biyar na yi ina bayani ba numfashi, a tsakar gida, da rana tsaka. Da na kunna, sai ga kukan akuya, ga ƙarar babur, ga matata tana kiran yaro ya kawo tsintsiya. Yara suka yi ta dariya a wurin akuyar, da ta yi shiru kuma rabinsu suka fara gyangyaɗi. Ran nan na gane cewa malami mai gundura, ko an sa shi cikin na'ura, gundurarsa na nan.

Sai na sake lale. Na koma ɗauka da asuba bayan salla, cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ina fuskantar katifa da labule don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Na rage tsawo zuwa minti biyar ko bakwai. Kowane kashi abu ɗaya tak yake koyarwa. Na rubuta abin da zan faɗa tukuna a takarda, na sa alama duk inda zan yi shiru don yara su amsa, ina ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci. Na kuma roƙi wata abokiyar aikina ta riƙa ba ni murya ta biyu, domin muryoyi biyu masu hira sun fi riƙe yaro bisa murya ɗaya. Kayan aikin duka bai wuce waya ba, da ɗan lasifika mai cin katin memori irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwa, da faifan sola na caji. Shirin minti goma nauyinsa bai wuce na hotuna biyu-uku ba, saboda haka ƙaramin kati ɗaya yana ɗaukar darussa ɗaruruwa, kuma ana tura su daga waya zuwa waya ta bulutut ba tare da an kashe ko dala a kan intanet ba. Fodkas na masu hali a intanet yake zaune. Namu na talaka hannu da hannu yake tafiya.

Burodi da yunwa

Inda na fara ganin amfani shi ne wajen furuci. Bakin Bahaushe bai raba p da f ba, saboda haka ɗanmu yakan faɗi pain da faim iri ɗaya, burodi da yunwa su zama abu guda. Haka yake fama da v da b, da kuma bambancin rue da roue. A aji mai cike da yara, sau nawa malam zai maimaita kalma ɗaya kafin muryarsa ta dushe? Na'ura kuwa ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta ɗaukar bulala. Nakan kunna kashin, murya ta faɗi kalma, yara su ɗaga hannun dama in burodi suka ji, na hagu in yunwa ce. Ni kuma da na huta da magana sai na sami damar zagawa tsakanin benci, ina ganin wanda ke bin hannun maƙwabcinsa kawai. A da, ina gaban allo, waɗannan yara ɓace mini suke yi har ƙarshen shekara.

Na biyu shi ne lissafi, kuma a nan ne wata yarinya ta koya mini darasi. Tana tallar ƙosai da safe kafin ta zo makaranta, ba a taɓa cutarta ko dala ɗaya wajen canji ba, amma na rubuta mata 100 a cire 35 ta tsaya tana kallona. Sai na tambaye ta da Hausa: mutum ya ba ki dala ashirin, ya sayi ƙosan dala bakwai, nawa za ki mayar masa? Kafin in rufe baki ta ce dala sha uku. To dala sha uku ai ita ce sefa 65. Yarinyar ta iya lissafi sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne kasuwa da dala take ƙirga, makaranta kuma da sefa, kowace dala ɗaya sefa 5. Ba wanda ya taɓa gina mata gada tsakanin biyun. Na zauna na shirya kashi shida a kan wannan kaɗai, hira tsakanin mai saye da mai sayarwa, a faɗi kuɗi da dala cikin Hausa da Dendi, a yi shiru, yara su mayar da shi sefa cikin Faransanci: dala ashirin 100, dala ɗari 500, jika guda 1000. Waɗannan su ne kashin da iyaye suka fi nema, har wani dillalin shanu ya ce mini shi ma yana saurare a ɓoye.

A nan ya kamata in faɗi wata magana. Tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990 ya sa Faransanci ne harshen hukuma, da shi ake koyarwa, da shi ake rubuta jarrabawar CEP, kuma ba ni da niyyar raba yaro da shi, domin shi ne mabuɗin aikinsa gobe. Amma harshen gida tsani ne. A aji ba zan iya fassara kowace magana cikin harsuna biyar ba, ban ma iya su duka ba. A cikin kati kuwa ana iya ajiye darasi ɗaya da bayanin Hausa, wani da na Dendi, wani da na Yom ko Fulatanci, kowane yaro ya tafi gida da nasa.

Ranar da yara suka karɓi waya

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ne da na juya lamarin, na ce manyan yara na CM1 da CM2 su ne za su yi shiri, ƙanana su saurara. Na raba su rukuni-rukuni, na ba kowane rukuni aiki: ku je ku tambayi wani tsoho yadda fatake ke bi ta Jugu da jakuna, daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, da yadda unguwar Wangara ta zama masaukinsu, ku je ku tambayi wata tsohuwa yadda ake man kaɗanya daga tsinto 'ya'ya har zuwa kasuwa, ku kawo tatsuniya ɗaya daga bakin kaka. Sharaɗi shi ne sai sun rubuta tambayoyinsu da Faransanci na duba, su yi hirar da harshen tsohon, su dawo su rubuta taƙaitawa, sannan su karanta a ɗauka.

Jama'a, yaron da nake bi da roƙo ya rubuta layi uku, sai ga shi ya sake rubutu sau huɗu da kansa, don kada a ji shi yana in-ina a lasifika. Wanda ya karanta ya ji muryarsa, shi da kansa yake cewa a goge a sake, ya tsallake waƙafi. Ban taɓa samun jan biro da ya yi gyara irin wannan ba. Wani yaro mai shiru-shiru, wanda na ɗauka ba ya gane komai, ashe shi ne gwanin tatsuniya, yana canja murya daga ta Gizo zuwa ta Ƙoƙi har ajin ya kwashe da tafi.

Akwai kuma wata riba da ban yi lissafinta ba. Mu Hausawan wannan ƙasa 'yan kaɗan ne, 'ya'yanmu da yawa Dendi ya fi zama a bakinsu, Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da ciniki. Da suka zauna gaban kakanninsu da waya a hannu, dole suka nemi ma'anar madugu da zango da ayari. Ɗaya daga cikin tsofaffin da aka yi hira da su Allah ya yi masa rasuwa bayan 'yan watanni. Iyalinsa suka aiko a ba su muryarsa. Da a ce ba a ɗauka ba, da labarin ya bi shi kabari.

Inda gizo ke saƙar

Kada in yi muku tallar da ba gaskiya. Matsala ta farko ita ce waya ta uba ce, uba kuma yana kasuwa ko yana kan hanya, sai dare yake dawowa, wani lokaci sai bayan mako. Gidan da ba waya mai cin kati ko rediyo mai cinsa, yaron gidan ba ya samun komai, kuma galibi shi ne ya fi bukata. In ba a yi hankali ba, dabarar da aka kawo don ta cike rami sai ta ƙara masa zurfi. Saboda haka na mai da sauraren aji shi ne tushe, na gida ƙari ne kawai, ba na kuma tambayar abin da ke cikin kati a jarrabawa.

Ta biyu, kati yana da ƙafa. Na taɓa ba wani yaro kati cike da darussan wata guda, bayan kwana uku ya dawo mini da shi cike da waƙoƙin fim, yayansa ya goge komai. Ta uku, caji: damina in ta yi duhu kwana biyu, sola ba ta cika, lasifika ya mutu ana tsakiyar darasi. Ta huɗu, lokaci: shirin minti shida yakan ci mini awa guda da rabi tsakanin rubutu da ɗauka da sakewa, kuma ba wanda ke biyan wannan awa.

Ta biyar ita ce amana. Muryar yaro ba kayan malam ba ce. Ba na ɗaukar kowane yaro sai iyayensa sun yarda, ba a faɗin cikakken suna a cikin shiri, ba hoto, ba a kuma jefa shi cikin zaurukan WhatsApp inda ba a san inda zai ƙare ba. Kuma wayata ce kaɗai ke shiga aji. Ban ce a saya wa ɗan firamare waya ba.

Ta ƙarshe, wadda ta fi duka: kunne ba ya maye gurbin ido da hannu. Yaro yana iya haddace shiri kaf, ya rera maka shi kamar aku, amma ka nuna masa kalmar a allo ya kasa. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi a shekara goma da haihuwa. Wannan ciwo na karatu ne, maganinsa littafi da alli da malami mai zuwa aiki. Don haka duk kashin da na kunna, abin da ake faɗa yana rubuce a allo, yatsan yaro yana bin sa.

Kira ga iyaye da malamai

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin makarantar firamare, yara sun cika azuzuwa, alhamdu lillahi. Amma shiga aji daban, fita da ilimi daban. Uban da ya ga ɗansa ya shekara huɗu bai iya karanta wasiƙa ba, ba za ka zarge shi ba in ya ce gara ya bi shanu, ko yarinya ta koma talla. Kowane yaro da muka rasa ta wannan hanya, zango ne ya rasa malamin asibiti ko mai magana da yawunsa a ma'aikatar magajin gari.

Ga 'yan'uwana malamai: ku fara da kashi ɗaya na minti biyar a kan abin da ya fi ba yaranku wuya, ku nuna wa shugaban makaranta da mai ba da shawara kan koyarwa kafin ku kai aji. In malamai biyar suka raba aiki, kowa ya yi kashi biyu a wata, a shekara an tara taska. Ku kuma ku riƙa sauraren labaran RFI cikin sauƙaƙan Faransanci don gyaran namu bakin, domin mai koyarwa ma ɗalibi ne. Ina fata makarantar horon malamai ta Jugu za ta dubi wannan fanni, gidajen rediyon al'umma kuma, irin su Solidarité FM, su ba muryoyin yara ɗan gurbi.

Ga ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata: lasifika ɗaya da faifan sola ɗaya ba su kai kuɗin ɗan akuya ba. Ga uba kuma: in ka dawo da dare, ka ba ɗanka aron wayarka minti goma, ka zauna kusa da shi ku ji tare. Ko ba ka jin Faransanci, zamanka a wurin ya gaya masa cewa abin yana da daraja. In kuma aka aiko jikanka da tambayoyi, kaka, kada ki kore shi. Abin da ke kanki ba ya cikin kowane littafi da aka kawo mana daga Kwatano.

Hausawa na cewa da sannu-sannu kwana nesa. Yarinyar nan mai ƙosai tana CM2 yanzu, ita ce ke karanta wa 'yan CI hirar dala da sefa, har tana gyara mini inda na yi sauri. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, amin.